Kaburburan da Muka Ce Babu Su

Kwana huɗu na yi a Hartum ina jiran motar da aka ce za ta tarye ni tun a filin jirgi. Ɗakin da na samu yana saman wani shagon gyaran janareta, bayan gida ɗaya ne ga mutanen benen gaba ɗaya, kuma duk wanda ya shiga sai ya fito yana tofar da yawu. Akwai lambar waya da aka ba ni in riƙa kira. Kullum na kira sai wata murya ta ce "bukra," wato gobe, a kashe. Wannan duk kafin yaƙin ƙasar ya ɓarke ne.

Sunana Nuhu, a Madabo aka haife ni. Mahaifina Malam Sidi magini ne, na ƙasa, irin waɗanda ke ɗora tubali su yi azara su yi soro. A jami'a na karanci ilimin tono kayan tarihi daga ƙarƙashin ƙasa, wanda 'yan boko ke kira akiyoloji. Baffana kuwa digirin tonon juji yake kiransa, kuma ban ga laifinsa ba, domin bayan na gama shekara shida na yi ina koyar da 'yan firamare a wata makarantar kuɗi a Mandawari, ban taɓa ƙasa ba sai in za a yi taimama. Ina da mata, Rabi, da 'ya'ya biyu. Shi ya sa da takarda ta zo cewa wani ƙaramin kamfanin bincike ya ɗauke ni aikin wata biyar a arewacin Sudan, a matsayin shugaban ramin tono, har kuka na yi a gaban Rabi. Wanda ya yi aiki irin wannan a waje, sunansa ya fito a rahoto, ƙofar karatu da ta aiki ta buɗe masa ke nan.

Rana ta biyar a-kori-kura ta zo. Direban bai ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Gaban motar cike yake da katon ɗin ruwan roba na Turawa, don haka baya aka nuna mini, na zauna tsakanin buhunan albasa da jarkokin man dizil. Ɗaya daga jarkokin tana yoyo. Kafin azahar warin ya shiga kayana har da Alƙur'anin da ke cikin jakata, kuma bai fita ba sai bayan makonni.

Yini guda muka yi muna tafiya arewa cikin hamada. Abin da ya burge ni a hanyar ɗaya ne: can ba a rasa ba sai ka ga 'yar rumfa a bakin titi, an jera randuna cike da ruwa, da moɗa a ɗaure. Babu mai tsaro, babu mai tambaya. Ka sha ka wuce. Na tambayi direban wa yake zuba ruwan, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mutane."

Da la'asar muka tsaya a wata kasuwa ta masu haƙar zinariya. Gari ne na tamfol da langa-langa, injinan niƙa dutse suna ta ƙara, ruwan wanke ƙasar ya taru kore shar a kwata, akuya ta mutu a gefe ta kumbura babu wanda ya kula. Na je gaban wata tsohuwa mai shayi na nemi kofi ɗaya da Larabcin da na koya a zauren malaminmu. Duk wanda na yi wa wannan Larabcin a Sudan dariya yake yi, wai ina magana kamar liman a kan mumbari. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ƙura mini ido, sannan ta ce, "Kai ɗan ina ne?"

Da Hausa.

"Kano, Iya."

"Kano ciki ko Kano waje?"

"Cikin birni. Madabo."

Ta dafe ƙirji. Sunanta Iya Asabe. Kakanta ne ya taso daga Kano a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna ya yi noma, ya mutu bai ga Ka'aba ba, bai kuma koma gida ba. Ita ba ta taɓa taka Najeriya ba. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakata, an yayyafa mata Larabci.

"Dala tana nan?" in ji ta.

"Tana nan, Iya."

"Kwayyis, madalla. Kakana ya ce in ka hau kanta kana ganin gari duka."

Ta naɗe mini gurasa a leda. Gurasarsu ta fi tamu kauri, babu ƙuli-ƙuli babu yaji, amma da na gutsura a bayan mota sai da hawaye ya zubo mini, don na tuna masu gurasar da muke saya a hanyar Jakara muna yara.

Sansanin yana tsakanin wasu baƙaƙen duwatsu, tafiyar awa guda daga kogin Nilu. Shugaban aikin Bature ne, dogo, ana ce masa Dakta Filib. Abin da ya fara nema a hannuna fasfo ne, wai za a kai rajista. Ya jefa shi cikin akwatin ƙarfe ya kulle. Na biyu, ya ce doka ce ba a ɗaukar hoto da waya, sai da kyamarar kamfani. Na uku, ya nuna mini wata rumfa da aka jera bahuna.

"Nan za ka fara. Wankin tsingaro."

Na ce, "Dakta, takardata ta ce shugaban rami."

"Kowa daga nan yake farawa."

Ba gaskiya ba ne. Akwai wasu matasa biyu 'yan ƙasar su Dakta da ko digiri ba su gama ba, kowannensu yana da raminsa da ma'aikatansa. Ni kuwa mako uku na yi a durƙushe ina goge fasassun tukwane da tsohon buroshin haƙori. Ga wasu ƙananan ƙudaje da suke kira nimitti, suna tasowa daga kogi kamar hayaƙi, su shiga ido, su shiga hanci, su shiga kunne. In ka buɗe baki za ka yi magana sai ka haɗiye biyar. Abincinmu wake ne safe da yamma, a babban faranti ɗaya, ƙudajen suna iyo a cikin man. Turawa suna ci a tantinsu, akwai firiji.

A rumfar wankin nan na fahimci abin da ya kawo mu. Wani kamfani ne yake son haƙar zinariya a wurin. Doka ta ce kafin a sa katafila sai masana sun duba ƙasar, sun tono abin da ke ciki sun rubuta, sun ba da shaidar cewa an gama. Kamfanin zinariyar ne ya ɗauko Dakta Filib, shi ne kuma yake biyansa. Wanda ya yi mini wannan bayani shi ne Awad, rayis, wato shugaban leburori. Dattijo ne baƙi siriri, ya shekara talatin yana tono tare da masana iri-iri. Bai iya rubuta sunansa ba, amma in ya kalli ƙasa sai ya gaya maka abin da ke ƙarƙashinta.

"Na yi aiki da Turawan kirki," in ji shi. "Akwai wadda in ta ga ƙashi sai ta cire hularta. Wannan ba irinsu ba ne. Wannan sauri yake yi."

A mako na huɗu gudawa ta kwantar da matasan nan biyu, aka mayar da su Hartum, ba su dawo ba. Sai ga Dakta a rumfata, ya miƙo mini cokalin magina da littafin rubutu kamar yana ba ni sadaka.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata ta aiki. Aikin nan ba gudu ake yi ba. Ka ja igiya ka yanka fili murabba'i, ka kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, in launinta ya sauya ka tsaya ka auna ka zana, duk abin da aka kwashe a tankaɗe shi a rariya. Ramin da na gada, yaron da ya bari ya rubuta cewa babu komai a ciki sai busasshiyar laka. Na durƙusa na shafa da tafin hannu. Tun ina ɗan shekara bakwai nake miƙa wa mahaifina tubali, na san bambancin lakar da ruwa ya kwantar da wadda ƙafar mutum ta kwaɓa da ciyawa. Na sa aka yayyafa ruwa. Da ya fara bushewa sai ga layin tubala ya fito, ɗaya bayan ɗaya, katanga ce mai kusurwa har da bakin ƙofa. Awad ya yi kabbara. Dakta ya zo ya tsaya a bakin ƙofar, ya ba ni kyamara na ɗauke shi hoto.

Daga nan aka tura ni bayan tsauni. Can ne maƙabartar take: tulin duwatsu zagaye-zagaye, wasu sun kai faɗin ɗaki. Ni da Awad muka bi su ɗaya-ɗaya muka ƙirga arba'in da uku, na zana taswirarsu a littafina. Kaburbura ne na mutanen da suka rayu tun kafin Musulunci da daɗewa. Da na kai wa Dakta taswirar bai ko juya shafin ba.

"Shida za mu buɗe," ya ce.

"Sauran fa?"

"Za mu gani."

Na uku da muka buɗe shi ne ya tsaya mini a rai. Mace ce, ƙashin ƙugunta ya nuna. Tana kwance ta gefe, ta naɗe gwiwoyi kamar mai jin sanyi. A kwarin hannunta akwai jariri, ƙasusuwansa kamar na tantabara. A ƙugunta jigida ce ta ɓawon ƙwan jimina, zaren ya ruɓe amma kowace ƙwaya tana inda take. Kusa da kanta an ajiye kwanon tagulla. Wani ne ya kwantar da su haka, ya gyara mata hannu, ya sa mata ɗanta. Kwana huɗu na yi a kanta da buroshi da tsinken itace, Awad yana riƙe mini tabarma don rana. Ma'aikatan da ke surutu kullum, in sun zo kusa da ramin nan sai su rage murya. Ni kaina ban san lokacin da na fara yi mata sallama da safe ba.

Rana ta biyar manajan kamfanin zinariya ya zo zagaye. Mutum ne mai ƙiba, turarensa yana riga shi isowa. Ya diro cikin ramin da takalmansa, ƙafarsa ta sauka a kan haƙarƙarin jaririn, na ji ƙarar da kunnena. Ya sunkuya ya ciro ƙoƙon kan matar, ya cire baƙin gilashinsa ya sa mata, ya manna ta da kumatunsa, ya ce direbansa ya ɗauke su hoto. Muƙamuƙinta ya ɓalle ya faɗi, haƙora biyu suka watse. Ya bushe da dariya. Dakta ma ya taya shi.

Ni kuwa ina tsaye da buroshi a hannu. Ina so in rubuta cewa na yi magana, amma ban yi ba. Na tuna fasfona a cikin akwati, na tuna takardar shaidar da zan koma da ita, na yi shiru. Da suka tafi na zagaya bayan dutse na yi amai. Da na dawo na tarar da Awad a durƙushe yana tsince haƙoran daga cikin yashi.

Kwanon tagullar ni na rubuta shi a rajistar kayan da aka samu, da lambarsa da zanensa. Kashegari shafin babu shi, an yage shi tsaf daga tushe. Bayan kwana biyu aka aike ni da saƙo ofishin manajan, wata kwantena mai na'urar sanyaya ɗaki. Ga kwanon nan a kan teburinsa, cike da tokar sigari da ƙwallon dabino.

Akwatunan da za a zuba ƙasusuwa, waɗanda aka ce suna hanya, ba su taɓa zuwa ba. Dakta ya ce a yi amfani da buhunan siminti da magina suka bari. Na ce aƙalla kowane mutum da buhunsa. Ya ce buhu huɗu ne, sai a yi haƙuri. Haka aka haɗa mutum shida da jariri, ƙafar wannan da kan wancan, aka jingine su a bayan tantin bayan gida, inda ruwan wanki ke gangarawa. Ni na ɗauki buhun da matar nan take ciki a kafaɗata. Ba shi da nauyi ko kaɗan, yana ta ƙwaram-ƙwaram a bayana.

A makon nan na kira gida daga kan tsaunin da ake samun sabis. Rabi ta ce 'yarmu ta fara tafiya, ta ce Baba yana gaya wa abokansa a ƙofar gida cewa Turawa ne suka aiko a ɗauki ɗansa. Ta ce, "Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta yi wani iri." Na ce ƙudaje ne. Na so in gaya mata, na rasa ta inda zan fara.

Sai jami'in gwamnati ya zo duba aiki, saurayi ne mai natsuwa da littafi a hannu. Aka kai shi ya ga katangar tubali, aka kai shi ya ga ramuka shida. Ya hango sauran tulin duwatsun ya tambaya. Dakta ya ce an gwada su, duwatsu ne kawai da ruwan sama ya tara. Jami'in ya juyo ya dube ni, ni da nake shugaban tonon wurin. Na sunkuyar da kai ina kakkaɓe wando. Ya rubuta wani abu, aka ja shi cin abinci.

Ranar Alhamis katafila biyu suka iso a bayan tirela. Bayan la'asar Dakta ya kira ni tantinsa, karo na farko da na shiga. Ya ba ni ruwan sanyi, ya tura mini takarda. An rubuta cewa an binciki filin gaba ɗaya, kaburbura shida ne a cikinsa, an tono su an adana, babu sauran abin tarihi. A ƙasa ga sunana, da muƙamin shugaban rami.

"Sa hannu a nan. Sunanka zai fito a bangon rahoto, kusa da nawa. Zan kuma rubuta maka takardar da kowace jami'a za ta karɓa."

"Dakta, arba'in da uku ne."

"Nuhu, ka saurare ni. In na ce arba'in da uku, aikin shekara biyu ne. Kamfani ba zai jira ba. Za su kore mu su kawo wanda ba zai buɗe ko ɗaya ba. Mun ceci shida. Wannan ba komai ba ne?"

"Suna bayan masai a cikin buhun siminti."

Ya cire gilashinsa ya goge. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. "Ka san mutum nawa ne suka nemi aikin nan? Na ɗauko ka ne saboda ana son a ga ɗan Afirka a cikin jerin sunaye. Kar ka ɗauka katangar laka ce ta sa."

Wannan maganar ce ta taimake ni. Da ya ci gaba da lallashi, wallahi ban san abin da zan yi ba. Na ajiye biron na ce ba zan sa ba. Ya ce littafin rubutuna mallakin kamfani ne, ya fizge shi daga aljihun rigata, da taswirar da komai. Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya wurgo mini fasfona ya faɗi a ƙasa.

"Babu motar da za ta kai ka ko'ina," ya ce. "Ka san yadda za ka yi."

Juma'a ba a aiki. Turawa da manaja sun tafi bakin kogi shan iska. Bayan mun sauko daga salla Awad ya zo da diga da shebur a cikin baro, ya nufi bayan tantin bayan gida. Na bi shi. Muka loda buhunan huɗu muka tura su har wani tudu a wajen shingen kamfani. Ƙasar wurin tsakuwa ce, sai da hannuna ya fashe kafin ramin ya kai ƙugu. Gindin buhu biyu ya jiƙe da ruwan ƙazanta. Na cire rigata ta sama na shimfiɗa, muka juye ƙasusuwan a kai. Na yi ƙoƙarin ware na matar nan da na ɗanta, na samu wasu, wasu sun riga sun cakuɗe.

"Ba mu san addininsu ba," in ji Awad. "Me za mu karanta?"

Na ce, "Ni ma ban sani ba."

"To, mu rufe su kawai. Wanda ya halicce su ya san su."

Muka rufe, muka jera duwatsu zagaye kamar yadda mutanensu suke yi. Na tambaye shi ko ba za a kore shi ba. Ya ce Dakta ba zai ko lura buhunan sun ɓace ba, in ma ya lura daɗi zai ji.

Asabar da safe Awad ya roƙi direban tankar ruwa ya ɗauke ni. Hanyar fita ta bayan tsauni ta bi. Katafilar farko ta riga ta fara aiki. Na ga ta tura tuli ɗaya, duwatsun suka mirgina, ƙasar da ta biyo baya da farare-farare a cikinta kamar an watsa alli. Wani kare ya sunkuci dogon ƙashi ya ruga. Direban tankar ya ƙara sautin rediyonsa.

A kasuwar masu zinariya ya sauke ni. Iya Asabe ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Sun cuce ka." Ba tambaya ta yi ba. Ta bar wa maƙwabciyarta tukunyar shayi, ta kai ni gidansu, ɗaki biyu na laka a bayan kasuwa. Mijinta Baba Haruna ya ba ni gadonsa na igiya ya koma tabarma, duk yadda na roƙe shi ya ƙi. Zazzaɓi ya rufe ni kwana uku. Ta dama mini kunun gero da tsamiya, ta ce haka kakarta take yi, ko daidai ne? Na ce daidai ne, har ya fi na gida. Ta wanke mini tafin hannu da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma.

Na ba su labarin duka, har da shirun da na yi a gaban jami'in. Baba Haruna ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka yi shiru sau biyu, ka yi magana sau ɗaya. Allah ya karɓi ɗayan." Shi ya samo mini wani direban babbar mota, ɗan ƙanwarsa, da zai kai gawayi Hartum. Da zan hau, Iya ta riƙe hannun rigata.

"In ka je ka gaida Kano," ta ce. "Ka ce jikar Mamman mai tafiya tana nan da rai."

A Hartum na zauna na rubuta duk abin da na gani, shafi biyar, na kai ofishin da ya dace. Wanda na tarar ya karɓa da mutunci, ya tambaye ni hoto ko taswira. Ba ni da ko ɗaya. Ya ce in dawo bayan mako biyu. Izinin zamana a ƙasar da sunan kamfanin yake, kuma sun riga sun janye shi. Ban kai mako biyun ba.

Na shigo gida ta Ƙofar Mazugal a bayan ɗan sahu, wata biyu kafin lokacin da aka sa ran ganina. Maƙwabta suna ta sannu da zuwa, wani yana tambayar tsaraba. A zaure na zauna na gaya wa Baba komai. Bai tambaye ni takardar shaida ba, bai tambaye ni abin da na samo ba. Ya ce, "Ramin da kuka sa su, ya yi zurfin da kare ba zai tono ba?" Na ce ya yi. Ya ce, "To tashi ka yi wanka." Na koma makarantar Mandawari, suka karɓe ni, suka ba ni 'yan aji biyu.

Bayan kusan shekara wani abokin karatuna ya turo mini saƙo yana taya ni murna. Ya ci karo da rahoton a intanet. Na buɗe. Ga hoton da na ɗauki Dakta a bakin ƙofar katanga a bango. Ga sunana a ƙarƙashin nasa. A shafin ƙarshe ga shaidar kaburbura shida, da sa hannuna, wanda suka kwafa daga takardar ɗaukar aiki. Babu kwanon tagulla a ko'ina. Na rubuta musu sau uku, babu amsa.

Bara wata cibiyar adana kayan tarihi ta nemi ma'aikacin fili. Na nema, ban sa zancen Sudan a takarduna ba ko da layi ɗaya. Ranar ganawa mutum uku ne a bayan tebur, shugabansu wani dattijo mai farar hula. Ya ɗago wasu takardu da aka buga, na hango hoton katangar.

"Malam Nuhu, tawali'u ya yi maka yawa. Ka yi aiki irin wannan a waje ka ɓoye? Duk cikin masu neman nan babu mai ko rabinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton nan ƙarya ne. Kaburburan arba'in da uku ne, an tura su da katafila. Sa hannun nan ma ba nawa ba ne."

Suka dubi juna. Dattijon ya juya shafi ɗaya, ya juya na biyu, ya yi gyaran murya.

"Amma dai ka je can ɗin? Ka yi tonon?"

"Na je."

"To, alhamdulillahi. Mu takarda muke dubawa, Malam Nuhu. Wancan tsakaninku ne da su."

Bayan mako uku takardar ɗauka ta zo. An lissafa dalilan da suka sa aka zaɓe ni, na farko shi ne ƙwarewar aiki a ƙasar waje kamar yadda rahoto ya nuna. Kwana biyu takardar tana kan katifa ban taɓa ta ba. Rabi ba ta ce in karɓa ba, ba ta ce in ƙi ba. Tana da cikin na uku a lokacin, ƙafafunta sun kumbura, tana zaune tana ɗinke wa babban ɗanmu jakar makaranta da ta yage.

Ranar Litinin na goge takalmina na tafi sabon aikin.